Wasiƙa daga Gilasgo: Wuta, Albashi da Makwanci

Assalamu alaikum Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da su Inna. Yaya aka ji da hunturu? Mu nan Gilasgo, a Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, alhamdulillahi, sai dai sanyi da gajeren yini, don a wannan wata ana kiran magariba tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba.

Saƙonka ya iso. Na ji yaron nan naka ya kafe sai ya taho, har ana shawarar sayar da gonar bakin rafi a biya wani mai haɗa takardu. Ka ce in bar aiko da hotuna, in zauna in rubuto yadda ake zama a nan, abin da ake saye da abin da hukuma ke yi wa mutane. To ga shi. Na kuma yarda ka tura wa duk wanda kake ganin zai amfana, don na san ba a gidanmu kaɗai ake wannan shawara ba.

Kayan masarufi ba za su ci mana lokaci ba. Ladan aikin awa ɗaya yakan sayi kaza guda da madara da burodi, har a samu canji. Amma doya, manja, kuka da daddawa sai a shagunan 'yan Afirka, kuma mutum sai ya daure kafin ya miƙa kuɗin. Naman halal akwai shi a wadace a unguwannin da 'yan Pakistan suka daɗe, irin su Pollokshields. Duk abin da sai mutum ya sa hannu ya yi maka, aski ne, ɗinki ne, gyaran famfo ne, shi ne mai tsada. Ruwan famfo ana shansa kai tsaye, ba ya ɗaukewa, hukumar ruwan ta gwamnati ce, kuɗin kuma ana haɗa shi da harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa. Tun 2011 ba a biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta a Sikotlan, alhali a Ingila ana biya. Ganin likitan ne aiki: sai ka buga waya da ƙarfe takwas na safe ka shiga layi, tiyatar da ba ta gaggawa ba kuwa ana jiranta watanni, wasu har fiye da shekara.

Maganar wuta ce nake so ka nutsu a kanta.

Kudu da Gilasgo, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, akwai wani tudu da ake kira Whitelee. Fankokin iska 215 ne a tsaye a wurin, kowace ta haura mita 100 a tsawo, in iska ta cika suna ba da megawat 539. A cikin teku kuma, ta gabas, akwai Seagreen da aka kammala a 2023, fankoki 114, megawat 1,075. Ka haɗa waɗannan biyun kaɗai, sun kai wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da babban layin Najeriya ke rabawa mutum fiye da miliyan 200, tunda namu yakan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Mutanen Sikotlan duka miliyan biyar da rabi ne, ba su kai jiharmu ta Katsina ba. A 2022 wutar da suka samar daga iska da ruwa da rana ta kai kashi 113 cikin ɗari na abin da ƙasar ta sha. Tun da na zo ban kwana cikin duhu don an ɗauke wuta ba. Lokacin da kuka yi fiye da mako ba wuta a Arewa a watan Oktoba na 2024, bayan lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna, na ba abokan aikina labari, suka yi ta tambayata yadda asibitoci suka yi.

Za ka ce to ai wuta sai ta zama kamar kyauta. Ina! A 2025 yunit ɗaya yana tsakanin kwabo 25 da 28 na kuɗin Ingila, wato ya haura ninki biyu na naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wanda ya tayar da hankalin kowa a gida. Bayan wannan akwai kuɗin da ake cira kullum, fiye da kwabo 50, ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Ga kuɗin gas na ɗumama ɗaki, wanda a nan ba ado ba ne, rai ne. Ƙididdigar gwamnatinsu da kanta ta ce kusan gida ɗaya cikin uku yana cikin ƙuncin makamashi. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma na sha shiga ɗakin tsohuwa in same ta da rigar sanyi da bargo da rana tsaka, ta kashe na'urar ɗumi don tsoron bil, alhali daga tagarta kana iya hango fankoki suna juyawa. Wallahi Yaya abin yana taɓa ni har yau.

Dalili biyu ne. Na farko, farashin wuta a Birtaniya duka yana bin farashin injin da ya fi tsada cikin waɗanda aka kunna a lokacin, kuma galibi na gas ne. Na biyu, wayoyin da za su kwashe wutar daga arewa zuwa manyan biranen Ingila ba su isa ba. In iska ta yi ƙarfi, layi ya cika, sai a ce wa masu fankoki su kashe, a biya su diyya, sannan a biya masu injin gas a kudu su kunna. Kamar dai manomin tumatir a Ɗanja ne ya yi noma mai albarka, mota ba ta iya shiga, sai a biya shi ya bar kayan a gona, a je a sayo na gwangwani. Wannan asara ta kai wajen fam biliyan ɗaya a shekara, kuma a cikin bil ɗinmu ake tsinto ta.

To ga inda muka sha bamban da gida. Wannan adadi da na faɗa maka ba ɓoyayye ba ne. Ana wallafa shi, 'yan jarida suna bin sa, kuma duk ranar Alhamis da ƙarfe sha biyu na rana, in majalisa na zama, shugaban gwamnatin Sikotlan sai ya tsaya a zauren majalisa a Edinbura, babban birnin Sikotlan, ya amsa tambayoyi na minti 45, ana nunawa a talabijin. Kada ka ɗauka amsoshin duk masu gamsarwa ne. Su ma sun iya tura wa juna laifi: na Edinbura ya ce farashin wuta a hannun Landan yake, wanda gaskiya ne, na Landan ya ce izinin kafa turaku a hannun Edinbura yake, shi ma gaskiya ne. Amma tambayar ba ta mutuwa. Mako mai zuwa wani zai sake tayar da ita da sabon adadi a hannunsa. A 2024 an amince da shimfiɗa wata babbar waya ta ƙarƙashin teku daga Peterhead a Sikotlan zuwa Drax a Ingila, mai ɗaukar megawat 2,000, an sa za a kammala ta a 2029, kuma kowa ya riƙe wannan shekara yana jira.

An yi musu alƙawuran da ba a cika ba, su ma. A 2010 gwamnatin Sikotlan ta Alex Salmond ta yi hasashen ayyuka 28,000 a harkar fankokin teku kafin 2020. Shekarar ta zo ba a ga ko kusa da haka ba, kuma a ƙarshenta kamfanin BiFab, mai ƙera ƙafafun fankoki a yankin Fife, ya durƙushe bayan an zuba masa miliyoyin fam na jama'a, ana shigo da irin kayan da yake yi daga ƙasashen Asiya. A 2022 an yi gwanjon filayen teku ga kamfanonin iska, aka samu fam miliyan 700 da ɗoriya, aka ce za a kashe su kan makomar makamashi, sai ga shi a 2024 ana maganar ɗibarsu a toshe giɓin kasafi. An yi ca a kai. A watan Afrilun shekarar ne kuma gwamnati ta fito ta ce ba za ta iya cika alƙawarin rage hayaƙi da kashi 75 cikin ɗari kafin 2030 ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙawancenta da jam'iyyar masu kare muhalli ya watse, Humza Yousaf, Musulmi na farko da ya riƙe kujerar shugaban gwamnatin Sikotlan, ya sauka, John Swinney ya gaje shi. Kafin nan, a watan Fabrairu, ministan lafiya Michael Matheson ya ajiye aiki kan kuɗin data na kusan fam 11,000 da aka ci a na'urar ofis lokacin da ya je hutu Maroko da iyalinsa.

Duk lokacin da na ga fankokin nan sai tashar wutar iska ta Lambar Rimi a jiharmu ta faɗo min. Fankoki 37, megawat 10 kacal, tunanin da aka faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Ka tuna injiniyan nan Bafaranshe da aka sace a Rimi a ƙarshen 2012, aiki ya tsaya cak. Shekara fiye da goma ana ɗaga ranar buɗewa, minista ya zo ya duba ya tafi, wani ya zo. Iskar Katsina ba ta yi mana rowa ba. Ban taɓa jin wanda ya rasa kujerarsa saboda wannan jinkiri ba. Muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ta nan kuwa kwana 20 na aiki ta bayar. A takarda tamu ta fi tsauri. Amma a nan talaka yana aikawa a amsa masa, in an ƙi ya kai ƙara wurin kwamishinan da aka naɗa don haka. Ina ganin ƙungiyar matasan garinmu za ta iya gwada tamu a kan Lambar Rimi: nawa aka kashe, fankoki nawa ke aiki, wutar ina take zuwa.

Sai batun aiki, wanda shi ne ya shafi yaron kai tsaye. A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin lada ga ɗan shekara 21 zuwa sama fam 12 da kwabo 21 a awa. Ma'aikatan kula da manya a Sikotlan kuwa a shekarar an sa musu fam 12 da kwabo 60. Mai cikakken aiki yana da hutun kwana 28 a shekara da albashinsa, kuma dole a ba shi takardar da ta nuna abin da aka biya da abin da aka cire. In ka juya wannan zuwa naira ka ajiye kusa da 70,000 da aka sa hannu a kai a Yulin 2024, kanka zai juya. Amma kafin kuɗin su kwana, haraji ya ɗiba, haya ta cinye kusan rabi, ga harajin gida, ga wuta da gas, ga mota. Abin da nake turo wa Inna daga ƙarin awoyi yake fitowa, daren Asabar da ranakun hutu.

Akwai kuma zalunci, kada a ɓoye. Inda na fara aiki ana biyana mintocin da na yi a cikin gidan tsoho ne kawai, tafiyar da nake yi daga wannan gida zuwa wancan ba a lissafa ta, ga shi ita ce ke cinye rabin yini. Doka ta ce wannan tafiya aiki ce. Wata abokiyar aiki, 'yar ƙasa, ita ta ja ni zuwa ƙungiyar ƙwadago, aka rubuta takarda, aka biya mu bashinmu ba tare da an je kotu ba. Kotun ma'aikata tana nan, ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Sai dai baƙo yana da sarƙa a ƙafa wadda ɗan ƙasa ba shi da ita: bizarka a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka. In ya kore ka, ko hukuma ta ƙwace lasisinsa, kwana 60 ake ba ka ka samu wani ko ka fita. Wa zai ɗaga murya a haka? Gwamnatin Landan ta faɗa da bakinta cewa daga tsakiyar 2022 zuwa ƙarshen 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata wajen 39,000. Da yawansu 'yan Najeriya ne, 'yan Zimbabuwe, 'yan Indiya, waɗanda suka sayar da fili da gida suka biya dillali, suka sauka suka tarar ba aikin. Gwamnatin Sikotlan tana da tsarin da ya ce duk mai son tallafinta sai ya biya ladan da zai riƙe mutum, amma dokar ƙwadago da ta shige da fice ba a hannunta suke ba.

Ka faɗa wa yaron wannan da kyau: tun Maris na 2024 aka hana masu bizar aikin kula da tsofaffi zuwa da mata da 'ya'ya, kuma a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbin ma'aikatan kula daga waje gaba ɗaya. Duk wanda ya ce a ba shi miliyoyi zai samo masa wannan takarda yau, ɓarawo ne. Ko lokacin da ƙofar take buɗe, sayar da ita haramun ne a dokarsu.

Ka tambayi zaman lafiya. Ba a tare hanya, ba a satar mutane, ina dawowa daga aiki da tsakar dare a ƙafa. Amma akwai fitinar da ke hana barci: maƙwabci mai kiɗa har asuba, mashaya a bakin bene, yara matasa da ke taruwa a tashar mota suna zagin mutane. An taɓa jifana da kalmar wariya a cikin bas, ba wanda ya tanka sai wata tsohuwa da ta taso ta zauna kusa da ni. A nan ba mai unguwa, ba dattijon da zai kira uban yaro. Lambar wayar 'yan sanda ce, 101, ko ofishin ƙaramar hukuma, su ce ka riƙa rubuta rana da lokaci. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, dokar 2004 ta ba kotu ikon kafa wa mutum sharaɗi tun daga shekara 12, in ya karya ya zama mai laifi. Yana aiki, amma a hankali, kuma sau da yawa na yi kewar yadda ake kashe irin wannan wuta a zaure cikin dare ɗaya. Tun 2022 'yan ƙasa da shekara 22 ke hawa bas kyauta, abu mai kyau ga 'ya'yan talakawa, sai dai direbobi sun yi ta kuka, har wani yaro ya yi sanadin mutuwar direba a garin Elgin a 2024. Matsin da ya biyo baya ya sa gwamnati ta yi alƙawarin karɓe katin duk wanda ya yi rashin ɗa'a.

Abu ɗaya da nake fata masu faɗa a ji a Kano da Katsina su duba shi ne yadda Gilasgo ta yi da 'yan dabarta. Shekara ashirin da suka wuce garin ya yi ƙaurin suna a Turai wajen soke-soke da wuƙa. A 2005 'yan sanda suka kafa sashe na musamman, suka haɗa kai da likitoci da malaman makaranta da iyayen da aka kashe wa 'ya'ya, suna tara yaran suna ce musu ga hukunci in kun ci gaba, ga sana'a in kun ajiye. Kisan kai a Sikotlan ya ragu da fiye da rabi daga wancan lokaci. Ƙwaya kuwa har yanzu ta gagare su: mutum 1,339 ta kashe a 2020, kuma ba a sauko ƙasa da dubu ba a shekarun da suka biyo.

Na bar maganar makwanci a ƙarshe don ita ce mafi nauyi. Dokar Sikotlan a kan marasa gida tana cikin mafi ƙarfi a duniya. Tun ƙarshen 2012 duk wanda ya rasa muhalli ba da gangan ba yana da haƙƙin a ba shi gida na dindindin, ko gwauro ne ko mai iyali, kafin nan kuma a ba shi na wucin gadi. Amma gidajen ba su isa ba. An sayar da kusan rabin miliyan na gidajen hukuma ga masu haya kafin a dakatar da tsarin a 2016, ba a gina madadinsu ba. A Nuwamban 2023 Edinbura da Gilasgo suka ayyana dokar ta-ɓaci kan gidaje, a Mayun 2024 majalisar Sikotlan ta bi sahu. Yara fiye da 10,000 ne ke zaune a masaukin wucin gadi, wasu iyali guda a ɗakin otal ɗaya ba wurin girki. Hukumar da ke sa ido kan gidaje ta rubuta ƙarara cewa manyan biranen biyu sun gaza sauke nauyin da doka ta ɗora musu. Gwamnati ta zaftare kusan fam miliyan 200 daga kasafin gina gidaje masu sauƙin haya na 2024, ƙungiyoyi irin su Shelter, mai fafutukar marasa gida, suka hana ta sakat, a kasafi na gaba ta mayar da kuɗin. Duk da haka in ka bi tsakiyar gari da sassafe za ka ga mutane kwance a ƙofar shaguna cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. A gida mutum ya rasa komai yana da zauren wani, yana da shagon aboki, yana da masallaci. A nan ana kulle ko'ina da dare.

Wannan haƙƙi da na bayyana maka bai shafe mu ba. A jikin bizarmu an rubuta cewa ba mu da rabo a dukiyar jama'a. In aiki ya kuɓuce, haya ta gagara, ƙaramar hukuma ba ta da hurumin ba ka gida, in ba akwai ƙananan yara ko wata larura mai tsanani ba. Na san 'yan uwanmu da suka yi watanni suna kwana a falon wani, suna karɓar abinci a masallaci da coci, suna kuma turo hotuna masu kyau gida don kada hankalin iyaye ya tashi. Abin da muke da shi shi ne ƙuri'a, don ɗan Najeriya mai izinin zama yana zaɓe a nan. Kowane mazauni yana da wakilai 8 a majalisar Edinbura, kuma suna da ranakun da suke zama a ɗakin karatu ko zauren unguwa kowa ya shigo da kukansa. Mun je a ƙungiyance kan wata 'yar uwa da kamfaninta ya rushe, wakiliyar ta rubuta wasiƙu, ta samu ƙarin lokaci har ta sami wani aikin. Wasu ba su yi wannan sa'a ba, sun koma.

Shawarata kada a taɓa gonar. In yaron yana son fita, ya ƙarasa karatun jinyar da ya fara, ya yi rajista, ya samu gogewa, ya zauna jarrabawar Turanci, sannan ya nema da kansa a shafin hukumar lafiya ba ta hannun kowa ba. Ka ba shi lambata ya kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, zan nuna masa takardar albashina da ta haya ya gani da idonsa.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafar yana hanya. A gaida su Kawu da duk mutanen gida.

Ƙaninka.